Garin da baƙi ke tururuwa, amma mai gyaran gado ta rasa wurin kwana

Ranar 20 ga Afrilu, 2024, dubun-dubatar mutane suka cika titunan tsibiran Kanari, wani yanki na ƙasar Sifaniya da ke cikin tekun Atlantika daura da gaɓar Maroko, suna kukan cewa baƙi sun yi musu yawa. Mazauna tsibiran ba su wuce miliyan 2.2 ba, amma a 2023 sun karɓi masu yawon buɗe ido wajen miliyan 16, wato baƙo bakwai ga kowane ɗan gari. Wannan harka ce ke kawo kusan kashi 35 cikin 100 na arzikin yankin. Duk da haka alƙaluman hukuma sun nuna cewa mutum ɗaya cikin uku a tsibiran yana cikin talauci ko yana dab da faɗawa cikinsa, albashin ma'aikatansu kuma yana cikin mafi ƙanƙanta a duk faɗin Sifaniya.

A wannan shekara ta 2024 wasu baƙin ma sun sauka a gaɓar tsibiran, sai dai su a kwale-kwale suka zo. Mutum 46,843 ne, akasarinsu daga Mali da Senegal da Moritaniya da maƙwabtansu, da yawa kuma a ɗan tsibirin El Hierro suka sauka, wanda mutanensa wajen 11,000 ne kawai. Ƙungiyar Caminando Fronteras, mai bin diddigin waɗanda suka ɓata a teku, ta ƙiyasta cewa sama da mutum 9,700 sun halaka a wannan hanya cikin shekarar. Ke nan mutum uku ne suka haɗu a gaɓa ɗaya: wanda ya zo hutawa, da wanda ya zo neman abinci, da ɗan garin da yake kallon kuɗin haya yana fin ƙarfinsa. Yadda ake raba kuɗin da na farko ya kawo tsakanin mutanen nan shi ne abin da ya dame ni, domin ina ganin yawancin masu muhawara sun kauce wa ainihin wurin da ciwon yake.

Ra'ayina shi ne yawon buɗe ido yana ɗaga darajar fili da gini, ƙaura kuma, in an bar ta babu haƙƙi babu takarda, tana danne darajar ƙwadago. In biyun suka haɗu a gari ɗaya, wanda ya mallaki gida ko fili zai yi ta hauhawa ko da yana kwance, wanda kuma ba ya da komai sai ƙarfinsa zai yi ta aiki yana komawa baya, ko ɗan gari ne ko baƙo. Wannan rata ba daga sama ta faɗo ba. Hukuma ce ke ba da lasisin otal, ita ke yanke wa za a ba takardar zama da wanda za a hana, ita ke sa haraji, ita ke tsayar da mafi ƙarancin albashi.

A duba abin da mai yawon buɗe ido yake saya. Yana sayen kusanci ne: ɗakin da tagarsa ke kallon teku, masaukin da ke tsakiyar tsohon gari, teburin da ke bakin dandali. Irin wannan wuri ba a iya ƙara yawansa. Bakin teku iyakarsa ke nan, tsohon gari ma haka. Don haka duk lokacin da baƙi suka ƙaru, farashin wurin ne ke tashi, kuɗin kuma aljihun mai wurin yake shiga. Ma'aikaci kuwa ana iya kawo wani a madadinsa gobe da safe. In mai wanke-wanke ya ce albashi ya yi kaɗan, akwai goma a bakin ƙofa, wasu daga ƙauyukan ƙasar, wasu daga ƙetare. Abin da ba ya ƙaruwa yana tsada, abin da ake samu a yalwace yana araha, kuma a garin baƙi ƙarfin ɗan Adam ne ya zama mai arahar.

Gidan haya ne wurin da ɗan gari yake fara jin zafin abin. Mai gida yana lissafi mai sauƙi: in ya ba iyali haya zai karɓi kuɗin wata, in ya sa ɗakunan a Airbnb, manhajar da baƙi ke kama hayar 'yan kwanaki ta cikinta, zai iya haɗa wannan kuɗin cikin kwana goma a lokacin da kasuwa ke ci, kuma babu ɗan hayan da zai yi shekaru a ciki yana da haƙƙin da doka ta ba shi. Ba sai mai gidan ya zama mugu ba kafin ya zaɓi na biyu. A Basalona ta Sifaniya, magajin gari Jaume Collboni ya faɗa a watan Yuni na 2024 cewa kuɗin haya ya tashi da kashi 68 cikin 100 a shekara goma. A Benis ta Italiya, tsohon garin da yake da mutum wajen 175,000 a 1951 ya koma ƙasa da 50,000 a 2022, har ta kai gadajen da aka tanada don baƙi sun fi mazauna yawa. Gari in ya kai wannan hali, makaranta tana rufewa don babu yara, shagon kayan masarufi yana komawa shagon tsaraba, tsoffin da suka rage kuma su rasa maƙwabcin da zai leƙo su.

A tsibirin Ibiza na Sifaniya abin ya kai inda masu dafa abinci da masu shara da direbobi suke kwana a cikin mota ko tanti a bayan gari, suna tashi da safe su je su yi wa wanda ya biya ɗaruruwan yuro a dare ɗaya hidima. Hatta malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan sanda suna gudun a tura su can, saboda albashin gwamnati ba ya biyan ɗaki. Wannan ya nuna cewa matsalar ta wuce talakan ƙarshe, ta taɓa masu matsakaicin hali, kuma garin da ya kasa zaunar da malamin makarantarsa, 'ya'yan talakawa ne za su fara biyan kuɗin wannan gazawa.

Ba na so in ɗora wa manhajar haya laifin da ya fi nata. Wani bincike da masana tattalin arziki suka wallafa a 2020 game da Basalona ya gano cewa Airbnb ta ƙara kuɗin haya da kusan kashi 2 cikin 100 a matsakaiciyar unguwa, da kusan kashi 7 a unguwannin da ta fi yawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi, amma bai kai kashi 68 ba. Sauran ya fito ne daga shekarun da aka yi ba a gina gidajen gwamnati ba, da masu zuba jari da suka mai da gida ma'ajiyar kuɗi, da kuma wani rukunin masu ƙaura da ba a cika ambatonsu ba idan ana zancen baƙi.

Su ne masu ƙaura da kuɗi a hannu. A 2012, lokacin da Fotugal take cikin matsin bashi, ta buɗe wata biza ta musamman: ka sayi gida na yuro 500,000, a ba ka takardar zama da iyalinka, kuma ba a buƙatar ka zauna a ƙasar fiye da kimanin mako guda a shekara. Sifaniya da Girka suka bi sahu. A watan Oktoba na 2022 Fotugal ta ƙara da bizar masu aiki ta intanet, waɗanda albashinsu ke zuwa daga Amurka ko Jamus ko Ingila, da sharaɗin kuɗin shigarsu ya ninka mafi ƙarancin albashin ƙasar sau huɗu. A 2024 wannan mafi ƙarancin albashi yuro 820 ne, alhali ɗaki da falo a tsakiyar Lisbon, babban birnin ƙasar, ya haura yuro 1,000. Ta yaya ma'aikaciyar gidan abinci za ta yi takarar gida da mutumin da doka da kanta ta ce sai ya ninka ta sau huɗu kafin ya shigo? A birnin Meziko ma, a watan Yuli na 2025, irin wannan takaici ne ya fito da matasa kan titi a unguwannin Roma da Condesa.

A wannan Lisbon ɗin dai, a watan Fabrairu na 2023, gobara ta tashi a wani gini a unguwar Mouraria, unguwar da baƙi ke yawo suna ɗaukar hoto. Mutum biyu 'yan Indiya suka mutu, ɗaya yaro ne ɗan shekara 14. Da aka bincika sai aka tarar mutum sama da 20 ne suke kwana a hawan ƙasa na ginin, 'yan ci-rani daga kudancin Asiya, irin waɗanda ke kai abinci a kan keke da wanke kwanuka a gidajen cin abinci. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka, a watan Yuni na 2024, gwamnati ta rufe hanyar da irin waɗannan ma'aikata suke bi su nemi takardar zama bayan sun fara aiki suna biyan haraji, alhali akwai takardun mutum wajen 400,000 da suka taru ba a duba ba. Gaskiya ne an cire sayen gida daga waccan biza ta masu kuɗi a 2023, Sifaniya ma ta soke tata a Afrilun 2025, amma sai da aka yi shekara goma ana sayar da ƙofar shiga ga mai kuɗi, ana jan ta a fuskar mai aiki.

Zancen takarda shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Mutumin da ba ya da izinin zama ba ya iya kai ƙara. In an hana shi kuɗin ƙarin lokaci, shiru zai yi. In an ba shi gado a ɗakin mutum takwas a kan rabin albashinsa, godiya zai yi. In ya ji ciwo a wurin aiki, ɓoyewa zai yi. Duk wannan shirun riba ce ga wani, kuma asara ce ga ɗan garin da ke neman aiki iri ɗaya, domin albashin da marar takarda ya karɓa shi ne ma'aunin da za a auna nasa da shi. Masu cewa a tsananta wa baƙin haure don a kare ɗan ƙasa sun manta cewa tsanantawar ba ta korar buƙatar aikin. Otal yana nan, kwanuka suna nan, gini yana nan. Abin da take yi kawai shi ne ƙara wa ma'aikacin tsoro, tsoro kuma yana rage farashinsa.

Punta Cana ta Jamhuriyar Dominikan misali ce a fili. Ƙasar ta karɓi baƙi sama da miliyan 11 a 2024, kuma sanannen abu ne cewa leburori 'yan Haiti ne suka ɗauki kaso mai yawa na bulo da simintin otal-otal ɗin da ke wannan gaɓa. Suna zaune a unguwanni irin su Friusa, 'yar tafiya kaɗan daga katangar wuraren shaƙatawa. A watan Oktoba na 2024 gwamnatin Shugaba Luis Abinader ta sanar da shirin korar har mutum 10,000 a kowane mako, ba a jima ba masu kamfanonin gine-gine suka fara kukan ƙarancin ma'aikata. A Dubai kuwa, inda baƙi miliyan 18.7 suka je a 2024, an tsara abin ne bisa doka: kusan tara cikin goma na mazauna birnin 'yan ƙasashen waje ne, zaman ma'aikaci yana rataye da aikinsa, babu ƙungiyar ƙwadago, da yawa kuma sun iso ne da bashin dillalan da suka samo musu biza. Wanda ya sayi gida na dirhami miliyan 2 yana samun takardar zama ta shekara goma. Wanda ya gina gidan, ranar da aikinsa ya ƙare ranar ya fara ƙirga kwanakin tafiyarsa.

Ko ga mai takarda ma, aikin otal ba ya cika fitar da mutum daga talauci yadda aka tsara shi a yawancin wurare. Aiki ne na lokaci, wata shida ana gudu wata shida ana zaune. A Sifaniya matan da ke gyaran ɗakuna sun kafa ƙungiya mai suna Las Kellys a 2016, bayan gyaran dokar ƙwadago na 2012 ya ba otal-otal damar sallamar su, su ɗauko su ta hannun kamfanonin kwangila a kan albashin da bai kai na da ba. Matan suna ba da labarin gyara ɗaki ashirin zuwa talatin a yini, da shan maganin ciwo kafin su fara aiki, da ciwon baya da na kafaɗa da ke tilasta musu barin aiki tun shekarun ritaya ba su yi ba. Da yawa daga cikinsu 'yan ci-rani ne daga Latin Amurka da Maroko. Ɗaki mai tsabta shi ne ainihin hajar da otal yake sayarwa, amma mai samar da wannan haja ita ce ta ƙarshe a rabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi akwai ƙarin wata ɓaraka, ita ce yawancin kuɗin ba ya ma isowa. Baƙo yana biyan kamfanin tafiye-tafiye a ƙasarsa, ya hau jirgin kamfanin waje, ya sauka a otal mallakar waje inda kuɗin da ya biya ya haɗa da ci da sha, don haka ba ya da dalilin fita ya sayi ko da ruwa a hannun ɗan gari. Gambiya ta gwada hana irin wannan tsari a ƙarshen shekarun 1990, amma ba a jima ba ta janye saboda matsin kamfanonin Turai. Da kamfanin Thomas Cook ya durƙushe a Satumbar 2019, sai aka ga yadda abincin dubban iyalai a ƙasar yake rataye da shawarar da ake yankewa a Landan. Saurayin da ya tashi a bakin wannan teku yana kallon Bature ya shigo ba tare da wahalar biza ba, shi kuma in ya nemi tasa ya biya yuro 90 a hana shi, kuɗin kuma ba ya dawowa. Ba abin mamaki ba ne in ya fara tunanin kwale-kwale. Yawon buɗe ido yana nuna wa matashi ratar da ke tsakaninsa da duniya kullum, a ƙofar gidansu.

Sai ruwa da ƙasa. Wani rahoto da ƙungiyar Tourism Concern ta fitar a 2012 ya nuna cewa a wasu ƙauyukan gaɓar Zanzibar, ɗaki ɗaya a babban otal yana iya shan sama da lita 3,000 a rana, alhali gida guda na ɗan ƙauye bai kai lita 100 ba. Manyan ayyukan otal ɗin kuma sau da yawa 'yan babban yankin Tanzaniya ko na ƙasashen waje ke samu, saboda sun fi ilimin boko da harsunan baƙi, ɗan tsibiri ya tsaya a gadi da shara. A Loliondo da ke arewacin Tanzaniya, a watan Yuni na 2022, jami'an tsaro suka shata murabba'in kilomita 1,500 na makiyayar Masai don farauta da yawon buɗe ido, aka raunata mutane da dama, ɗan sanda ɗaya ya rasa ransa. A Jidda, rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 don sabunta birnin ya shafi unguwanni sama da 60, kuma ƙungiyar Amnesty ta ce diyyar ba ta haɗa da baƙi ba, alhali wasunsu a nan aka haifi iyayensu.

Ƙaurar ma ba lallai ta ƙetare iyaka ba. Kankun ta Meziko a 1970 'yan masunta ƙalilan ne a wurin, gwamnati ta zana ta a takarda ta gina. Ƙidayar 2020 ta samu mutum kusan 890,000, da yawansu su ko iyayensu sun zo ne daga jihohin Yukatan da Chiapas da Tabasco. An tsara layin otal-otal da kyau, an bar garin ma'aikata ya yi ta faɗaɗa da kansa, har aka samu unguwanni da ba su da famfo ko magudanar ruwa, mutanensu suna shafe sa'o'i a bas kafin su isa inda ake ban ruwan filin wasan golf.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a raina ta ba. Harkar nan tana ɗaukar mutanen da wasu masana'antu ba sa ɗauka: mata, da matasa, da waɗanda ba su yi dogon karatu ba. Masana biyu, Benjamin Faber da Cecile Gaubert, sun nazarci gaɓar Meziko a wani aiki da suka wallafa a 2019, suka gano cewa garuruwan da baƙi ke zuwa sun fi sauran samun ayyuka da bunƙasa, har da ƙananan masana'antu. Ɗan Bangladash da ke wanke kwanuka a Lisbon yana aika wa gida abin da ba zai samu a ƙauyensu ba, kuma shi ya zaɓi zuwa, bai kamata a yi magana a kansa kamar ba ya da hankalin kansa ba. Shekarar 2020 ma ta nuna mana abin da ke faruwa in baƙi suka ɗauke ƙafa: tafiye-tafiye tsakanin ƙasashe sun ragu da sama da kashi 70 cikin 100, kuma masu shara da masu tuƙi ne suka fara kwana da yunwa, ba masu otal ba. Duk wanda ke kiran a rufe ƙofa gaba ɗaya, ya fara faɗa mana abin da waɗannan za su ci.

Amma ƙaruwar arzikin gari daban, yadda aka raba shi daban. Albashi yana iya tashi da kashi 10, haya ta tashi da kashi 60, a takarda an ci gaba, a cikin gida an koma baya. Kuma ratar tana gadon kanta: ɗan mai gida biyu zai gaji gida biyu da kuɗin da suke kawowa, ɗan mai haya zai bar garin da aka haife shi. A Hawai ƙidayar 2020 ta nuna cewa 'yan asalin tsibiran da ke zaune a babban yankin Amurka sun fi waɗanda suka rage a gida yawa, tsadar muhalli kuma tana cikin manyan dalilai. Garin baƙi yana jawo mutane daga nesa, yana kuma fitar da nasa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne inda fushin yake sauka. A Basalona, a watan Yuli na 2024, wasu masu zanga-zanga sun fesa wa baƙi ruwa suna cin abinci. Na fahimci takaicinsu, amma iyalin da suka tara kuɗi shekara guda don hutun mako ɗaya ba su ne suka ba da lasisi ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne juyawa kan ɗan ci-rani, kamar yadda masu tsattsauran kishin ƙasa na Dominikan suka yi maci zuwa Friusa a watan Maris na 2025. Mai kwana a ɗakin mutum takwas bai ƙwace wa kowa gida ba. Shi da ɗan garin da aka tasa daga unguwarsu mai gida ɗaya suke biya, ubangida ɗaya suke yi wa aiki. 'Yan siyasa sun san cewa ya fi sauƙi a nuna wa mutane baƙon fuska da a taɓa kuɗin masu gidaje, waɗanda su ma masu zaɓe ne, kuma da yawa ba manyan attajirai ba ne, tsoffi ne da gidan haya ɗaya ya zama fanshonsu. Shi ya sa ake barin jaki ana dukan taiki.

Cewa aikin otal dole ya zama aikin talauci ba gaskiya ba ne, kuma Las Vegas ta Amurka ta isa shaida. Ƙungiyar ma'aikatan otal da gidajen abinci ta can tana da mambobi wajen 60,000, da yawansu mata ne 'yan ci-rani. A Nuwambar 2023, ana dab da shiga yajin aiki, suka ƙulla yarjejeniyar ƙarin albashi na kusan kashi 32 cikin 100 a shekara biyar, tare da rage yawan ɗakunan da ake ɗora wa mai gyara, ga inshorar lafiya ta iyali da suka daɗe da samu. Gado iri ɗaya ne, tsintsiya iri ɗaya ce da ta Ibiza. Bambancin shi ne a nan ma'aikaciya tana da bakin magana, kuma ba a iya maye gurbinta da wadda ta fi ta tsoro. Don haka nake ganin ba wa ma'aikacin da ya riga ya shigo takarda kariya ce ga ɗan ƙasa kafin ta zama alheri ga baƙo. Sifaniya ta yi haka a 2005 ga mutum kusan 600,000, suka shiga sahun masu biyan haraji da kuɗin fansho.

Harajin baƙi ma yana da amfani, amma ya danganta da inda aka kai shi. Ruwanda tana karɓar dala 1,500 daga duk mai son ganin gwaggon biri a tsaunukanta, tana kuma ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandun dajinta ga ƙauyukan da ke kewaye. Namibiya tun 1996 ta ba al'ummomin karkara ikon kula da namun dajin yankinsu, su ƙulla yarjejeniya da masu masauki da kansu. Ba a rasa ƙorafi a duka biyun, amma aƙalla an amince cewa mai wuri yana da rabo. Yuro 5 ɗin da Benis ta fara karɓa daga masu yini ɗaya a Afrilun 2024 kuwa, ban ga yadda zai mayar da iyali cikin garin ba, muddin gidajen da za su zauna suna hannun masu hayar kwana uku. Ni da za a bi tawa, ba za a ba sabon otal lasisi ba sai ya nuna inda ma'aikatansa za su kwana da inda ruwansa zai fito, harajin kowane dare kuma a rubuta a doka cewa na gina gidajen haya masu rahusa ne, ba na tallata garin don a ƙara jawo wasu baƙin ba.

Basalona tana cikin biranen da suka ɗauki mataki mafi tsauri. Ta ce lasisin gidaje 10,101 da ake ba masu yawon buɗe ido haya zai ƙare a Nuwambar 2028 kuma ba za a sabunta ba, kotun tsarin mulkin Sifaniya kuma ta goyi bayan dokar da aka dogara da ita a Maris na 2025. Ina goyon bayan matakin, amma akwai ƙofar da dole a sa wa ido. Tun da yankin Kataloniya, inda Basalona take, ya ƙayyade kuɗin haya a Maris na 2024, masu gidaje da yawa suka koma hayar 'yan watanni, wadda ƙa'idar ba ta kama ba a lokacin, kuma masu aiki ta intanet da ɗaliban ƙasashen waje ne kasuwarta. In gidajen nan dubu goma suka fita daga hannun mai kwana uku suka faɗa hannun mai wata goma sha ɗaya, matar da ke gyaran gado za ta ci gaba da shiga jirgin ƙasa tun asuba daga bayan gari. Don haka aikin da ke gaban majalisar birnin kafin 2028 shi ne ta toshe wannan ƙofa, ta ɗauki isassun masu bincike da za su bi gida-gida, ta kuma sayi wani kaso na gidajen da kanta ta sa su a hayar dindindin.